Tauren da Shamsuddin Ya Kawo

Zuwa ga ƙanena Sadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, ya sa daminar bana ta yi muku albarka a Maigatari. Ni ina nan unguwar Biyafara a birnin nan na masu Faransanci, a ɗakin da ka sani. Gwiwa ta hana ni zuwa shago kullum, abokan zamana kuma wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Gidan cike yake da mutane, amma sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba sai da akuya.

Maganar akuyar ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Jar nan ce, jikar wadda matata marigayiya Tabawa ta taho da ita daga gida. Ita kaɗai ta rage, kuma ta tsufa. Idan ba ta ɗauki ciki bana ba, irin ya ƙare ke nan. Na ambata wa ɗana Shamsuddin haka kwanaki, ban zaci ya ji ba, don tun da ya koma unguwar Ajame wajen aikinsa ba na ganinsa sai da salla. Sai ga shi ran wata Lahadi da dabba a bayan tasi, ƙato, gashi na sheƙi. Yana ta murna, rabi Faransanci rabi Hausa, wai in kwantar da hankalina, mai sayarwar ma da bakinsa ya ce masa taure ne. Shi a kunnensa tauri ya ji, wato ƙaƙƙarfa. Sadi, yaron da kakansa ya yi fataucin awaki har ya mutu bai san taure shi ne wanda aka dandaƙe ba. Garin nan ya cinye mana ƙarfi, ya haɗa da harshen 'ya'yanmu.

Na yi masa godiya, na karɓi igiyar. Tun daga ƙofa na lura babu warin bunsuru ko kaɗan a jikinsa, amma ban so in yanke hukunci da hanci ba, don wani tauren dandaƙar ba ta kama shi sosai. Na kai shi wurin wata likitar dabbobi kusa da unguwar Bromakote. Ta duba haƙoransa da ƙafafunsa, ta matsa marainansa, ta auna su da tef irin na tela, ta ce sun motse sun yi tauri kamar busasshen goro. Ta samu ɗan ruwan maniyyin da ya fito ta sa a madubin likita, ta ce in leƙa da kaina. Wai na mai lafiya za ka ga abubuwa suna ta iyo. Na leƙa, fili fetal. Na so in ji haushin mai sayarwar, na rasa ta inda zan kama shi. Mutumin ya faɗi sunan abinsa da Hausa tsantsa. Yaron ma da zuciya ɗaya ya saya.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, tun zuwan dabbar nan Shamsuddin bai tsallake Lahadi ba. Yana zuwa da ɓawon rogo da dusa, ya zauna a kan bencina yana tambaya ko an dace, har ya ci tuwo ya kai la'asar. Rabon da ya zauna haka tun rasuwar uwarsa. Idan na faɗa masa gaskiya kunya za ta kama shi, kuma na san halinsa, kunya ba ta kawo shi, korarsa take yi.

Don haka da akuyar ta fara kuka tana kaɗa wutsiya, ranar Talata na kai ta gidan Malam Sharhabilu, tsohon maƙwabcinmu da ke kiwo a Ajame. Bunsurunsa mummuna ne, warinsa har titi, amma sai da na sa likitar ta gwada shi tukuna, na ga abin yana iyo da idona. An yi barbara, mun dawo, taure yana kwance yana tuƙa abinsa. Yanzu cikinta ya fara nunawa. Shamsuddin ya shafa shi, ya ce ai dama ya gaya mini taure ne, kuma idan ta haifi mace sunan mamansa za a sa mata. Na ce Allah ya kai mu.

Roƙona ɗaya: idan ya kira ka yana yabon taurensa, kada ka yi dariya, kada ka fassara masa. Ka bar mini wannan kalmar. Ni zan koya masa ita, amma sai 'yar akuyar ta tsaya da ƙafafunta.

Ka gaishe da Inna, da Hajo da yaranta, da Rahama. Ka ce wa Laila turaren da ta aiko ya iso.

Yayanka,
Abdulwahid