Faɗuwata a Majalisa

Daren Laraba, Yakasai

Sabon maganin da likita ya ba ni bai daidaita bugun zuciyar nan ba, jiri kawai ya ƙaro min. Tana nan tana kiɗan da ta ga dama: ta yi gudu, ta tsaya, ta tuna, ta ci gaba.

Bayan isha'i na miƙe daga benci a majalisa, sai duniya ta juya, na zube ƙasa. Wuri ya kaure da dariya. Malam Sani tela har da tafi: "Kai Bala, tashi, ka taɓa yi mana wannan!" Da gaskiyarsa, na taɓa yi, ranar da nake kwaikwayon ɗan dambe. Ina kwance ina jin su, bakina ya ƙi buɗuwa. Da na samu na tashi, sai na taya su dariyar.

Da na koma gida, 'yata Hauwa ta ga ƙasa a rigata. "Baba, ka sha maganin daren kuwa?"

Na sha, Hauwa. Goron ma na bari.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ranar da zuciyar za ta tsaya da gaske, sai sun gama dariya kafin wani ya taɓa ni.