Kwamin Maruƙan Baba

Tromsø, watan Disamba

Baba,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Mama. Yaya gwiwar taka? Kada ka ce da sauƙi, autanka Sjoerd ya tona maka asiri.

Ni lafiya lau. Rana ce kawai ba ta fitowa a nan, ruwan teku kuma ya tsattsaga min hannu, amma na saba.

Na ji maruƙa suna ta zawo. Baba, don Allah ka daina dirje kwamin ruwansu da soson ƙarfe! Aikina ke nan kullum: in tsoma ƙarfe da roba a ruwa, in duba su a madubin ƙara girma. Inda yake sumul ƙwayoyin cuta ba su cika zama ba, inda aka karce nan suke maƙalewa su yi gida. Na san za ka ce, "Yarinyar nan ni za ta koya wa wanke kwami?" Eh, ni ce. Ka sayi sabo, ka riƙa sa tsumma.

Mama ta aiko min da cukun gidanmu. Garin nan yana da kyau, Baba, sumul yake. Har yanzu ban sami inda zan maƙale ba.

Allah ya bar mana ku.

'Yarka,
Tjitske