Wadanni Arba'in na Malam Maje

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
3 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Hajiya Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Fatakwal lafiya, kin tarar da Nafisa da jaririyar cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin mai jego? Ya gajiyar hanya? Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Likitar gashin ƙashi ce ta ce in riƙa rubuta shafi ɗaya kullum da hannun nan da ya shanye, ni kuwa na ce in dai zan sha wannan wuya, gara a samu mai karantawa. Zan ɗauki hotonta in turo miki. In kin ga layi ya gangara, ki bi shi a hankali.

Yaya Ɗayyabu ya zo jiya a kan maganar da kuka yanke, cewa farkon watan gobe za a fasa bangon ɗakin aikina a mai da shi shagon kayan masarufi. Na ce masa to. Amma ke zan faɗa wa gaskiya, wannan to ɗin a baki ya tsaya. Shekara talatin da ɗaya ina haɗa wa mutane haƙoran roba a ɗakin nan. Na san ba mugunta ba ce, kin gaji da ganina ina zaune ina kallon ƙofar da na rufe shekara biyu. Duk da haka abin ya yi mini ciwo.

Ga wani abin dariya. Maƙwabcinmu Isyaku, injiniya guda da 'ya'ya huɗu, ya shigo neman gam zai liƙa gatarin wani ɗan mutum-mutumi da bai kai babban yatsa ba. Wai wasan yaƙi ne ya koyo a inda ya yi karatu. Duk Asabar bayan la'asar shi da abokansa suna haɗuwa a garejin wani gida a Tarauni, kowa ya jera rundunarsa a kan tebur, a auna tafiyar soja da tef ɗin tela, a jefa ƙwayoyin ludo a ga wa ya sari wa. Sau biyu na tambaye shi ko da caca a ciki, ya rantse babu. Na yi masa tsiya son raina.

Hannu ya gaji. Ki shafa mini kan jaririya.

Naki,
Maje

14 ga Satumba, 2024

Hajiya,

Sallama da gaisuwa. Ya kuke, ya mai jego, ya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Na ji daɗin muryarki jiya, ko da yake kin ce rubutuna sai da Nafisa ta taya ki karantawa.

Akwai abin da na ɓoye miki a waya. Na buɗe ɗakin.

Laifin Isyaku ne. Ya ja ni Tarauni wai in sha iska, na je don in ƙara samun abin tsokana. Na tarar da tebur mai faɗin katifa, da duwatsun soso, da kogin shuɗin yadi da 'yar gada a kansa. Shi rundunarsa korayen dodanni ne na roba da ya zo da su daga waje. Suka ce abin da suka rasa shi ne rundunar wadanni, wasu gajeru masu gemu da gatari, waɗanda ba sa sauri amma in suka tsaya ba mai ture su. Na ɗauki dodo ɗaya na duba, na ga layin mazubin da aka zuba shi a ciki ya fito masa a baya ko gogewa ba a yi ba. Bakina ya suɓuce na ce ni da ina da hannu da na yi wanda ya fi wannan. Kin san halina. Kafin in ankara sun sa mini rana.

Na gindaya sharaɗi ɗaya, ba zan sassaƙa fuska ba. Ban taɓa ba, kuma na san abin da za ki ce in kika dawo kika tarar da ƙananan mutane sun zuba miki ido a gida. Isyaku ya ce ai an zo wurin, don wada kwalkwali ke rufe shi har hanci, daga nan kuma gemu ya karɓa. Babu ido, babu baki.

Da kakin da nake jera haƙora na fara, da hannun hagu. Na farko kwana biyu ya ci, ya fito kamar gwaza da aka sa wa hula. Na jefa shi bayan kabad. Na uku ya fara kama da mutum. Na shida kuwa, Hajiya, ya tsaya da ƙafarsa, garkuwa a gaba, gemu har cibiya.

Ga roƙona. Ki ce wa Yaya ya dakata zuwa Asabar biyar ga watan gobe, ranar da zan kara da Isyaku. In na kai wadanni arba'in teburin nan, aikin hannuna, a bar mini ɗakina. In na kasa, ni da kaina zan kai masa makulli, ba kuma zan sake ta da maganar ba.

Naki har kullum,
Maje

24 ga Satumba, 2024

Hajiyata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na gode da kika shawo kan Yaya, ko da yake na ji ya ce ciwon ya taɓa mini kai, tsofai-tsofai da ni ina wasan 'yar tsana. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan.

Makon jiya na kusa aika masa makullin. Na gama wadanni huɗu na kaki, mai gatari, mai guduma, mai kwari da baka, da mai tuta, na yi wa kowanne mazubi don in riƙa zuba filasta ina fitar da irinsa. Sai ga matsala. Filasta in an dama ta, iska na maƙalewa a ciki, dole a ɗora mazubin kan wani ɗan inji mai karkarwa har kumfar ta taso. Nawa injin zaman shekara biyu ya kashe shi. Duk wanda na zuba sai ya fito da ramuka, wani babu rabin gemu, wani garkuwarsa kamar rariya. Goma sha ɗaya na zubar a rana biyu.

Ranar Juma'a da hantsi na zuba na goma sha biyu, hagu na riƙe da kwano, babu inda zan ajiye mazubin, sai na damƙa shi a hannun dama. Kin san yadda yake yi in raina ya ɓaci. Ya kama rawa, ina zaginsa a zuci. Can na duba, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda take yi a kan inji. Na tsaya cak. Da ta daskare na ɓare, wada ya fito sumul, har silin gemunsa ana ƙirgawa.

Na yi dariya ni kaɗai har sai da Khadija matar Isyaku, da ta kawo mini abinci, ta leƙo ta ga ko lafiya. Shekara biyu ina ɓoye hannun nan a aljihu don kunya, ashe aiki yake nema. Yanzu na raba musu: hagu ta yi sassaƙa, dama ta yi girgiza. Na kuma gano in na kafa gwiwar hannu a kan jakar yashi, dama tana iya riƙe abu tsaf na ɗan lokaci.

Yau ina da ashirin da uku. Sulkensu toka-toka, gemunsu kuwa ja na yi musu, irin na lallen da marigayi Baba yake sawa.

Ki ci gaba da yi mini addu'a.

Naki,
Maje

7 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Hajiya Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Nafisa da maigidanta da 'yar jikata. Ki samu wuri ki zauna, yau wasiƙar da tsawo.

Arba'in cif, Hajiya! Na ƙarshe ranar Juma'a fentinsa ya bushe.

Asabar da azahar Yaya ya iso da kafinta da tef, ya rufe baki da takunkumi wai mura yake yi. Ya shigo ɗakin ya tarar da su a jere a kan benci, sahu huɗu. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya juya. Daga nan ya sallami kafintan, ya ce shi zai kai ni Tarauni a motarsa ya ga ƙarshen wannan shirme.

Dokar wasan ranar ita ce in tsare gada har zagaye shida, dodannin Isyaku kuma su ƙwace ta. Da na buɗe kwalina, kowa a garejin ya miƙo hannu yana son taɓawa. Wani ya tambayi ƙasar da na yi odarsu. Na ce Gyaɗi-Gyaɗi.

Na jera masu garkuwa a bakin gada, masu baka a kan dutse, na ƙi motsawa. Isyaku ya yi ta zolayata, yana janye dodanninsa don in biyo shi fili ya zagaye ni. Ni da na shekara talatin ina jiran filasta ta daskare, shi zai koya wa haƙuri? A zagaye na huɗu ya gaji ya afko gaba ɗaya. Sahuna na farko ya faɗi, na biyu ya faɗi, aka kashe mini mai tuta, wallahi har zuciyata na ji. A na shida saura wadanni bakwai a kan gada, jifa ɗaya ta rage. Na tara ƙwayoyin a hannun dama a gaban kowa, ban ɓoye shi ba, na watsa. Bakwai ɗin nan suka tsaya. Isyaku ya dafe kai, gareji ya kaure da ihu, sai na ji wani yana buga tebur a bayana yana kiran sunana. Na waiga, Yaya ne.

Amma ba wannan ne babban labarin ba.

Jiya da hantsi ya dawo shi kaɗai. Ya yi ta kewaye-kewaye, zancen damina, zancen mota. Can ya zaro hankici daga aljihu ya warware. Haƙoransa na roba ne, na sama, sun rabe biyu. Ashe babu wata mura. Mako biyu yana fama da koko da kunu, ya rasa wanda zai kai wa, ni kuma yana jin nauyin tambayata. Ya ajiye a kan bencina, kansa a ƙasa.

Na tsorata, ba zan ɓoye miki ba. Wada in ya karkace babu wanda zai yi ƙorafi, bakin mutum kuwa ko kaurin gashi aka kuskure sai ya ji. Na kafa gwiwar hannu, na haɗa ɓarin biyu da kaki, na zuba musu gindin filasta, na yanke bakin tsagar na cike, na goge. Aikin awa ɗaya ne a da, jiya sai bayan la'asar na gama. Ya sa, ya cije, ya sake cijewa. Sai ya aika aka sayo balangu, ya zauna a kujerar da mutane ke jira ya cinye tas, ko tayi bai yi mini ba. Da zai tafi ya ce shagon a nemi wani wuri.

Bayan ya fita na tura ƙofa na yi kuka, Hajiya, irin wanda ban yi ba ko ranar da na faɗi. Na ɗauka na gama amfani a duniya, ina ganin ke ma haka kika ɗauka, kina dai rufa mini asiri ne. Ban riƙe ki ba. Ke kika yi ta juya ni a gado wata uku, ke ya fi cancanta ki fara ji.

Ki yi arba'in ɗinki a nutse ki dawo. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce masa Maje ya koma aiki. Gobe ƙarfe takwas zan buɗe.

Ki huta lafiya. Ni ne mijinki,
Maje