Kwalbar da Na Kai Taga

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka gwada sinadarin Uwar Duhu. Haka muke kiranta a ɗakin gwaji, don kullum tana cikin ɗakin da babu haske sai jan ƙwan fitila. Wata takwas tana haɗa shi, kuma a kansa digirinta na uku ya rataya. An tsara shi ya shiga rayayyun ƙwayoyin halitta ya kwanta shiru. Sai an haska shuɗin haske a kan ƙwaya ɗaya, ita kaɗai ta yi kore, a bi ta da kallo.

Muka leƙa na'urar duba ƙwayoyin halitta tun ba a haska komai ba. Ko'ina kore shar.

Talata, 4 ga Maris

Bari in rubuta, tunda bakina ya ƙi. Ranar Juma'a ta ba ni 'yar kwalbar sinadarin in sa a firij, an naɗe ta da takardar alminiyom don kada haske ya taɓa ta. Inna kuwa ta dame ni, wai shekara biyu ba ta san aikin da nake yi ba, maƙwabta na tambaya. Sai na warware takardar, na kai kwalbar taga inda rana ta fi kyau, na yi ta ɗaukar hoto. Har da sauya hannu, wai don agogona ya fito. Na mayar da takardar tsaf.

Ni da nake koya wa sabbin ɗalibai dokar haske.

Alhamis, 6 ga Maris

Farfesa ya ce ƙila makullin da Uwar Duhu ta ɗaura wa sinadarin ne ba ya riƙewa, yana buɗewa da kansa ba tare da haske ba. In haka ne tsarin ya rushe, sai ta sake wani daga tushe. Shekara guda ke nan. Ta ce to. Ni kuma na duƙufa ina goge teburin da ba shi da datti.

Juma'a, 7 ga Maris

Inna ta kira, ta nuna wa kowa hoton. "Allah ya yi maka albarka," in ji ta. Amin ɗin ma da ƙyar ya fito.

Litinin, 10 ga Maris

Na tarar da Uwar Duhu tana bin littafin aikinta shafi-shafi, tana neman inda ta yi kuskure. Ko abinci ba ta fita ci ba. Ta ɗago, ta kira ni da sunan tsokanar da ta saba, ta ce, "Sarkin Hoto, ko dai ban dace da wannan aikin ba?" Na ce haba Yaya. Iyakar abin da na iya ke nan. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laraba, 12 ga Maris

Na faɗa, a taron mako, gaban kowa. Na miƙa wayar ma, ga taga, ga kwalba, ga agogon banza. Farfesa ya cire tabarau, ya ce a haɗa sabo daga ragowar kayan, sati biyu ya isa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ita sai da aka watse ta yi magana. "Kwalbar ba ta dame ni ba. Kwana tara kana kallona ina zargin kaina."

Alhamis, 27 ga Maris

Sabon ya sauka. Tun ranar taron da Malam take kirana, babu tsokana. Amma ta ce in zo in danna maɓallin shuɗin hasken. Allon baƙi ƙirin. Na danna, ƙwaya ɗaya tak ta yi kore, sauran suna kwance abinsu. Na ji numfashinta ya sauka.

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba za ka ɗauka wa Inna ba?"

Na ce wayar tana aljihun tebur a waje. Kwana biyun nan can nake barinta kafin in shigo. Ba don komai ba, nauyi take yi mini a aljihu.