Tsani a Jikin Rumbun Iri

Zuwa ga Yaya Mamman a Kano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ladi da yara. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan Hamdara da sauƙi, sai dai rana.

Ranar Alhamis Baba ya aike ni Damagaram, an ce za a raba hatsi a Birni. Na ga tsohuwar ganuwa, na ga gidan Sarki, tsayinsa ya fi yadda kake faɗa. Amma Yaya, duk a inuwar katangar gidan, mutanen ƙauye ne zaune shiru, ko jarirai ba sa kuka. Har la'asar kamyon, wato babbar motar hatsin, bai zo ba.

Wani dattijo daga Zermu ya tambaye ni, "Samari, damin irinku yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Namu ma yana nan watan jiya. Da bakina na ce a daka shi. Yanzu ko gobe ruwa ya sauka, me zan shuka?"

Na dawo hannu wofi. Ka san Baba ba ya bari a buɗe rumbun iri sai ruwan shuka ya sauka. Yau da safe na tarar ya jingina tsani a jikin rumbun, yana tsaye yana kallo. Bai hau ba tukuna. Inna kuwa ta riga ta wanke turmi.

In da hali, aiko da gero ko tiya biyu ne, kafin ya hau. A sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu Ari.

Ƙaninka,
Sani