Ƙofar da Ƙanƙara ta Kama

Yaya Hamsatou,

Ina gaisuwa daga Greensboro, nan Amurka. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sanyi ne dai.

A wurin wankin motocinmu, ƙanƙara ta kama wata ƙofa mai naɗe kanta sama, ta kulle wata mata da motarta a ciki. Ni na durƙusa da ruwan ɗumi har yatsuna suka tsage, sannan ta buɗe. Abokin aikina Sulley ya ruga ya gaya wa maigida wai shi ya gyara, don ya fi ni Turanci. Yanzu maigida ya mayar da Sulley ofis mai ɗumi. Ina hango shi ta gilashi yana shan shayi, har ɗago min hannu yake.

Ki aiko min man kaɗe, ki roƙa min Allah in iya amsa gaisuwarsa.

Ƙaninki,
Abdoul-Aziz