Sunan Laraba a Kan Takardar Digirina

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Takardun Malamai,
Hukumar Gudanarwar Makarantarmu,
Zuru, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya aiki, yaya kuma haƙuri da mu?

Ni ne Filibus Dogo, malamin Faransanci, wanda hukumarku ta ba hutun ƙarin karatu na shekara biyu, ya tafi ƙasar Sifaniya ya yi digiri na biyu a harshe da adabin Sifaniyanci. Ka san fuskata ko da ba ka riƙe sunan ba. Ni ne mutumin da kake tararwa a bencin ƙofar ofishinka da ambulan mai ruwan ƙasa, wanda ke miƙewa duk lokacin da aka taɓa ƙofa. Na rubuto a fili ne saboda wasiƙa uku na shigar ta hannun sakataren kwamiti, ko ɗaya ba a ce mini an gani ba.

An sanar da ni cewa in zangon karatun nan ya ƙare kwamiti bai amince da takardar digirina ba, za a ɗauka gudun aiki na yi a shekaru biyun nan, a cire ni daga jerin malamai. Mako uku ya rage. Tun da na dawo ba a ba ni aji ba. Kullum ina zuwa da safe, in zauna a ɗakin malamai, in fita, in zagaya filin ƙwallo, in dawo in sake zama. Matata ta ce ko tuwo a tsaye nake ci yanzu, kuma gaskiyarta ne. Duk wannan a kan kalma ɗaya ce da ke ƙarshen sunana a takardar: Laraba.

Na ɗaya, yadda sunan ya shiga. Ranar rajista a jami'ar can an ba ni fom mai gurbi uku: suna, sai sunan dangi na farko, sai na biyu. Na tsaya ina kallon gurbi na ukun. Matar da ke kan tebur ta bayyana mini cewa a ƙasarsu mutum na ɗaukar suna daga wajen uba, ya kuma ɗauka daga wajen uwa, kuma baƙo na iya barin wurin ba komai in ya so. Abin da take nufi sunan gidan da uwar ta fito ne. Ni kuwa, mutumin da sunan ubansa kawai ke bayan nasa, da na ji an ce uwa sai na rubuta sunan mahaifiyata kai tsaye. Su ba su san Laraba rana ce ba, balle su san sunan mace ne. Suka buga shi a katin ɗalibi, a jerin jarrabawa, daga ƙarshe a satifiket. Kuskuren fahimtar nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma da na gane, sai ban je an gyara ba, domin na ji daɗin ganinsa a wurin.

Na biyu, abin da na tarar a ofishinku. Sakataren kwamiti ya ɗaga takardar, ya dube ta ta gaba ya dube ta ta baya, ya dube ni, ya ce, "Malam, wagga takarda ta mace ta. Mi ya kawo Laraba ga takardar namiji?" Mutanen da ke ofishin suka yi dariya, ni ma na taya su, don na zaci daga dariya za a wuce ga aiki. Ashe ya rubuta a fayil ɗina cewa ana zargin takardar wata ce na kawo. Yanzu a kasuwa har wani tsohon ɗalibina na ji ya ce ga Malam Laraba can. Tsokanar ba ta dame ni ba. Zargin ne ya hana ni zama wuri ɗaya, domin shekara tara na yi ina koya wa 'ya'yan mutane cewa kada su leƙa takardar na kusa da su.

Na uku, abubuwan da na kawo. Na kawo fasfo mai hatimin shiga da fita. Na kawo katin ɗalibi mai hotona. Na rubuta wa jami'ar, suka aiko da wasiƙar tabbatarwa, aka ce da Sifaniyanci take, a fassara. Na fassara, aka ce mai takarda ba ya fassara wa kansa. Na tambaya wa zai fassara, aka tura wa abokin aikina da ya riƙe mini ajin Faransanci, wai ai duk yaren Turawa ne. Bawan Allah ya riƙe ta kwana biyu ya dawo da ita, ya ce shi sunana kawai ya gane a ciki. Na je kotu na yi rantsuwa cewa Filibus Dogo da Filibus Dogo Laraba mutum ɗaya ne. Sakatare ya karanta ya ce ba irin wannan ake so ba. Ya rubuta mini wadda ake so da hannunsa a bayan ambulan ɗina: in rantse cewa sunan Laraba ya shiga bisa kuskure, kuma ba ni da wata alaƙa da shi.

Na huɗu, kuma nan ne na tsaya, ranka ya daɗe.

Mahaifina soja ne, Allah ya jiƙansa, daga wannan bariki zuwa wancan ya yi rayuwarsa. Mahaifiyata ce ta zauna a ƙauyenmu kusa da Mahuta, ta riƙe gonar dawa a gefen dutse ita kaɗai, ta tura mu makaranta mu biyar alhali ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Wannan kowa na da irinsa, ba shi kaɗai ne hujjata ba. Hujjata tana cikin kundin binciken da aka ba ni digirin a kansa. Na kwatanta waƙoƙin aiki na matan ƙauyukan Sifaniya da waƙoƙin da matanmu ke yi da harshenmu na C'lela wajen niƙa da sussuka. Rabin waƙoƙin nan daga bakinta na same su. Matata ce ke hawa babur ranar Lahadi bayan sujada ta kai mata waya, mahaifiyata ta rera, ni kuma ina can ina rubutawa. In na yi kuskuren kalma sai ta tsayar da ni ta ce Turawa sun fara lalata mini kunne. Malaman da suka yi mini jarrabawar baki sun fi tambayata a kan waƙoƙinta fiye da duk abin da na karanta a laburare.

Da na dawo na kai mata takardar. Ni ban taɓa kiran sunan nan da bakina a gabanta ba, ka san al'adarmu. Sai na ɗora yatsanta a kan kalmar, matata ta faɗa mata abin da aka rubuta. Mahaifiyata ta tambaya ko can ma sun san ta ne, ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar ban iya cin abinci ba don daɗi.

Wannan matar ake so in je kotu in ɗaga hannu in ce ba ni da alaƙa da sunanta. Sau biyu na kama hanyar kotun, ba zan ɓoye maka ba, domin ina da 'ya'ya uku kuma ba ni da wata sana'a sai allo da alli. Sau biyu ina juyowa daga bakin ƙofa. Tsoron rasa aikin nan yana nan a cikina har yanzu da nake rubutu.

Saboda haka ga roƙona. Ka karɓi fayil ɗina ka duba da idonka, kada a ba ka labarinsa. Ka sa kwamiti ya rubuta wa jami'ar da Ingilishi, za su amsa da Ingilishi, na tambaye su. Ka karɓi rantsuwar da na riga na yi, domin gaskiya ce daga farkonta har ƙarshenta. A goge kalmar zargi daga fayil ɗin, a mayar da ni aji kafin zango ya ƙare.

In kuwa bayan duk wannan kwamiti ya ga sai dai a sallame ni, zan karɓi takardar da hannu biyu, ba zan yi rigima da kowa ba. Abu ɗaya zan roƙa: a rubuta ta da sunayen uku, kada a bar na ƙarshen.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka daga yanke hukunci a kan abin da ba ka gani ba. In mahaifiyarka na raye, Allah ya ja kwananta. In ta riga mu, Allah ya sa ta huta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Filibus Dogo Laraba
Zuru